Duro Biyu na Makuba

Ni ce na ce a yi dandamalin, kuma ni ce na ce a shafa masa makuba. Da wannan na fara don kada wani ya ji labarin nan ya ɗora wa Eugène kafinta laifi. Shi katako ya yanka, ƙusa ya buga. Sauran duk aikin bakina ne, kuma duk wanda ya san Dela mai gasa kifi a bakin Binuwai ya san ba na jiran shawarar kowa.

Shekara goma sha ɗaya ina gashi a kan rairayi, ƙasa kaɗan da gadar Garwa. Kowace damina ruwa ya kore ni, in kwashe tebura in koma bakin titi ina shaƙar hayaƙin babura. Bara na ce ya isa haka nan. Eugène ya kafa mini dogayen dirkoki a gaɓa, ya shimfiɗa katako a kai, wuri mai cin tebur takwas, da matakala ta gefen tudu. Rabinsa a kan ƙasa yake, rabinsa ya leƙa saman gurbin masunta.

Gurbin nan dole in yi bayaninsa, don a kansa komai ya faru. In bazara ta kama, kogi yakan janye ya bar wani rami mai zurfi cike da ruwa, rairayi ya raba shi da uwar kogi. Kifin da ya maƙale a ciki ba shi da hanyar fita. Masunta sukan ɗaure wurin wata uku, ba mai jefa ko ƙugiya, sai ranar da shugabansu Baba Isa ya sa. Ranar kowa ya shiga da tarunsa a yi su tun safe har la'asar, kuma abin da aka banda daga ciki shi ke riƙe gidaje da yawa har ruwa ya dawo. Burina in buɗe dandamalina ranar sun nan, masu kallo su zauna a sama, suna kallo suna cin gasasshe. Saura kwana goma Eugène ya buga ƙusar ƙarshe.

"Madam, katakon nan tsirara yake fa," ya ce yana share gumi. "Rana za ta tsaga shi, ruwa ya shiga tsagar, gara ta ƙarasa. Sai an shafa masa berni, man katakon nan irin na jirgin ruwa, shafi biyu. Na aika a kawo daga Duwala."

"Yaushe zai iso?"

"Sati uku, in mota ba ta lalace a hanya ba."

"Ka ji mutum! Ranar su saura kwana goma kana ce mini sati uku. Kuma berninka mai warin nan, wa zai zauna ya ci kifi a kansa?"

Nan na tuna da Hajja kakata, Allah ya jiƙanta. Daɓen ɗakinta ja ne wur, yana sheƙi, shekara arba'in ruwa bai ci shi ba, gara ba ta huda shi ba. Makuba take yayyafa masa, wato ruwan kwasfar ɗorawa da aka jiƙa har ya yi duhu. Da na faɗa wa Eugène sai ya ƙyalƙyale da dariya, wai wannan na ƙasa ne, ba na katako ba. Na ce masa abin da ya hana ruwa shiga ƙasa, katako ne zai gagare shi? Ya ɗaga kafaɗa, ya tattara kayan aikinsa, ya ce dandamali nawa ne.

Na je wurin mata masu daddawa na kwaso kwasfa buhu huɗu, suna ma murna an rage musu shara. Na sa aka daka, na ari duro biyu, na jiƙa a rana kwana huɗu. Ranar Garwa ta watan Afrilu ba ta buƙatar taimako, amma duk da haka na hura wuta a ƙarƙashi na tafasa. Ruwan ya fito ja mai duhu kamar zoɓon da aka manta a tukunya. Na goge katakon da samfefa har yatsuna suka yi kanta, na ɗaura tsumma a kan sanda, na fara shafi daga bakin ruwa ina dawowa baya. Katakon yana sha kamar mai ƙishirwa. Shafi na farko ya yi ruwan ƙasa, na biyu ya yi ja, na uku kuwa har masu wanki suka bar wankinsu suka zo kallo. A kai na narka man kaɗe na bi shi falanki-falanki ina murzawa da tsumma. Man ya ƙare mini saura falanki uku na bakin matakala. Na ce gobe da safe na ƙarasa, na ajiye bokiti ɗaya na makuba don gyaran inda bai kama ba.

Yanzu sai Jérémie. Masunci ne daga wajen Yaguwa, dogo, baƙi, marar magana, shi ke kawo mini kifi tun da na fara sana'a. Matarsa Carine ita ke kankare mini ƙaya da wanke ciki. Mutumin kirki ne, sai dai yana ɗauke da tabon da ba nasa ba. Shekara biyu da suka wuce an kama ƙanensa yana zuba maganin feshin auduga a wani gurbi can ƙasa, aka ƙone bukkarsa, shi kuma ya sha da ƙyar da karyayyen haƙarƙari. Na ga abin da idona, na ga yadda mutanen da kake gaisawa da su kullum suke komawa in an taɓa musu ruwa. Tun ranar ko matacciyar tarwaɗa aka gani a gaɓa sai an waiwayi Jérémie.

Da yammacin da na gama shafi, saura kwana biyu su, duro ɗaya na nan kusan cike, ɗayan kuma duk dusar kwasfa ce mai kauri. Mai duro yana son kayansa. Ba na so a zubar a kan rairayi inda baƙi za su taka, sai na kira Jérémie da yake gyaran taru a gefe.

"Mirgina mini waɗannan ka tuntsure su a gurbi, ka ɗauraye."

Ya leƙa cikin duron, ya shinshina. "Madam, ba zai yi wa ruwa komai ba?"

"Haba Jérémie! Kwasfar ɗorawa ce fa, abin da yara ke tsotsa a bakin hanya. Guba ka ga na saya? Kai dai komai sai ka tsaya kallonsa kamar baƙon abu. Yi sauri magariba na zuwa."

Ya mirgina su ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙarƙashin dandamali, na ji ƙarar zubarsu, na ɗauki jakata na hau babur na tafi gida ina jin daɗin kaina.

Washegari na iso wajen ƙarfe shida da rabi da robar man kaɗe a hannu. Tun daga kan tudu na ga shirwa sun cika sama. Na ce ko wata dabba ce ta mutu. Da na hau matakala na leƙa, sai robar ta suɓuce mini. Gurbin ya yi fari fat. Karfasa, ƙurungu, ragon ruwa, manya da ƙanana har 'yan mitsi-mitsi da ba su kai yatsa ba, duk sun juyo da ciki sama, sun rufe ruwan tun daga wannan gaɓa har waccan. Wasu suna ta buɗe baki suna rufewa. Baba Isa na tsaye cikin ruwa har gwiwa, tsoho mai shekara saba'in, ya rungume wata giwan ruwa a ƙirjinsa. Mata sun fara kururuwa, maza na tahowa da gudu daga bukkoki.

Wallahi abin da ya fara zuwa bakina tsinuwa ce. Na ce Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan aika-aika, da ƙarfi na faɗa, mutane suka ce amin. Sannan na sunkuya don in ɗauki robata, idona ya bi ta tsakanin falanki biyu ya sauka ƙasa. Rairayin da ke ƙarƙashin dandamalina ja ne, an yi masa layi har cikin ruwa, ga dusar kwasfa ta kwanta a bakin gaɓa da kumfa a kanta. A nan matattun suka fi yawa.

Nan take na gane. Na tuna wata rana ina 'yar shekara takwas, na ɗauki ragowar makubar Hajja zan zubar a kududdufin bayan gida, ta fizge ƙwaryar ta zabga mini mari. Ba ta faɗa mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba, kuka kawai na yi. Shekara talatin da biyar marin nan yana jirana.

Na koma bayan tebura na kira maigidana Hamidu a waya. Mahauci ne, ranar yana kasuwar shanu a garin Gidar. Na faɗa masa cikin raɗa.

"Makuba?" ya ce. "A gurbi? Innalillahi. Ke Dela, a ƙauyenmu da ita ake kashe kifi! Duro nawa?"

"Biyu."

Ya ƙara jefo tambaya.

"Wa ya gani?"

"Ban sani ba, Baban Nazira. Ban sani ba."

"Ki bar wurin nan yanzu-yanzu. Ki tafi gida ki kulle ƙofa. Kada ki buɗe baki da kowa sai na zo, kin ji ni?"

Na ji shi. Na ɗauki jakata, har na sa ƙafa a matakala ta farko. Sai na ga taron ya juyo ya nufo ni, kuma a tsakiyarsa ana jan mutum. Wata mai wanki ce a gaba tana nuni tana ihu da Fulatanci, wai jiya da magariba da idonta ta gan shi yana tuntsure duro a ruwa. Jérémie ne, ba riga, leɓensa ya riga ya fashe. Carine na binsu a baya ba ɗankwali, tana riƙe wannan tana roƙon wancan, ba mai ko kallonta.

Dandamalina ne wuri mafi tsawo a gaɓar, don haka nan suka hau da shi don kowa ya gani. Suka durƙusar da shi a bakin matakala. Na ja da baya har bayana ya bugi tebur. Ba hanyar fita, mutane sun cika matakalar, bayana kuma ruwa ne. Na ƙirga filafilan tuƙi shida a hannun mutane. Wani mai jan hula, wanda ya sha cin kifina, yana riƙe da jarkar fetur ya riga ya cire murfin. Warin ya doke ni.

Baba Isa ya hau a hankali, wandonsa na ɗigar ruwa. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jérémie, ka zuba wani abu a gurbi jiya?"

"Na zuba, Baba."

Taron ya ɗauki ruri. Baba Isa ya sake ɗaga hannu.

"Mene ne?"

"Ruwan jan katako ne. Madam ce ta aike ni. Ga ta nan, a tambaye ta."

Bai faɗa da mugunta ba. Da sauƙin rai ma ya faɗa, kamar mutumin da ya hango ɗan'uwansa a cikin baƙi. Duk idanun nan suka juyo kaina. Ban taɓa sanin ido na da nauyi ba sai ranar. Na ga mai jan hula ya gyara riƙon jarkarsa, na tuna man kaɗen da na shafe katakon nan da shi tas, na san in ashana ɗaya ta faɗi ba zan kai matakala ba. Na tuna 'yata Nazira da na baro tana shirin makaranta. Na tuna ƙarar da haƙarƙarin ƙanen Jérémie ya yi.

"Dela," Baba Isa ya ce, "ke kika aike shi?"

Ni da bakina bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, na buɗe shi, abin da ya fito shi ne wannan:

"Ni dai na ce ya wanke mini duro, Baba. Abin da ya zuba a ciki ban sani ba."

Ban ce shi ne ba. Na sha gaya wa kaina haka daga baya, ban ce shi ne ba. Amma kowa a wurin ya ji abin da nake nufi, har da ni. Jérémie ya dube ni, bakinsa a buɗe. Carine ce ta yi magana.

"Mama Dela!" ta ce. "Mama Dela, ki ji tsoron Allah!"

Daga nan Baba Isa bai ƙara iko da kowa ba. Wani ya ture shi gefe. Aka ce a kama hannun da ya zuba. Mutum uku suka danne Jérémie, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan katako, wani ƙato ya ɗaga filafili ya juya shi ta gefen kaifi. Na ga ya ɗaga. Ina da lokacin magana, wallahi ina da shi, na tsaya ina kallo. Ya sauke. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Jérémie ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Aka sake ɗagawa, aka sake saukewa. Mai jan hula ya matso yana cewa a ba shi wuri.

Ban san lokacin da na faɗa tsakiyarsu ba. Na ji dai muryata tana fita kamar ta wata.

"Ni ce! Ku bar shi, ni ce! Makuba ce, makubata ce, ni na dafa ta, ni na ce ya zuba! Har ya tambaye ni na zage shi!"

Kun san me? Ba su yarda ba. Wani ya ce rufa masa asiri nake yi don shi ke kawo mini kifi. Wani ya ce yaushe ɗorawa ta taɓa kashe kifi. Yawancinsu mutanen kogin Logon ne da tafkin Cadi, ba su san makuba ba. Ƙarya ɗaya na yi aka karɓe ta nan take, gaskiya kuwa ina ta ihunta ba mai saye. Mai jan hula ya fara karkata jarka, fetur ya ɗiga a wuyan Jérémie.

Sai idona ya faɗa kan bokitin da na ajiye jiya. Na fizgo shi na dire a gaban Baba Isa har ya fantsama mana a ƙafa.

"Baba, ga ragowarta. A kawo kifi mai rai daga uwar kogi. In bai mutu ba, ku yi abin da kuka ga dama."

Sai da na faɗa na gane abin da na faɗa. In kifin ya rayu, na sa hannu a kan ran Jérémie karo na biyu. In ya mutu, ni ce a gaban jarkar.

Baba Isa ya dube ni, ya dubi bokitin. Ya tashi tsaye sosai, ya daka tsawar da ban san yana da ita ba, ya ce duk wanda ya ƙara taɓa mutumin nan kafin a gwada, kada ya sake sa jirgi a ruwan nan. Aka kawo babbar roba da ruwan kogi, da karfasa biyu daga wani kwalekwale da ya shigo yanzu, suna ta fal-fal. Tsohon da kansa ya ɗebi makuba da kofin shan ruwana, ya zuba kofi uku. Ruwan ya yi ja.

Kifayen suka ci gaba da yawonsu kamar ba a yi komai ba.

Ban san minti nawa muka yi ba. Rana ta fito sosai, katako ya fara zafi a tafin ƙafa, warin gurbin ya fara tasowa. Ba mai magana, sai nishin Jérémie da kukan shirwa. Carine ta cire zanenta na sama ta naɗe masa hannun, jini na ratsowa yana ɗiga. Ni kuwa na durƙusa a kan robar ina addu'ar da ban san yadda zan yi ta ba, don ban san wanne nake roƙo ba. Wani a baya ya ce, "Kun gani ko? Ƙarya take." Na ji ƙafafu sun fara motsi.

"Ku dakata," Baba Isa ya ce.

Ƙaramar ta taso sama tana haɗiyar iska. Ta koma ƙasa, ta sake tasowa, ta fara zagaye a karkace tana bugun gefen roba. Sai ta kwanta a gefe guda, ta yi ƙoƙarin miƙewa, ta kasa, farin cikinta ya juyo sama. Ba a jima ba babbar ta bi ta.

Na rufe ido na sa hannu biyu a ka, ina jiran filafili. Na yi kalmar shahada. Na jira.

Ba abin da ya sauka. Da na buɗe ido sai na ga mutane suna kallon ƙasa. Ƙaton nan ya jingine filafilinsa a jikin tebur kamar ba nasa ba. Mai jan hula yana neman murfin jarkarsa. Na baya sun fara sauka ɗaya-ɗaya. Wata tsohuwa ta tofar da yawu a gabana ta ce Allah ya isa, wannan kaɗai ne abin da ya same ni. Ko mayafina ba wanda ya taɓa.

Baba Isa ya zubar da robar a kan tudu nesa da ruwa, ya dawo ya tsaya a kaina. Da Hausa ya yi mini magana, a hankali, yadda ba kowa zai ji ba.

"'Yata, me ya hana ki faɗa tun da na tambaye ki?"

"Tsoro, Baba. Na ga fetur."

Ya girgiza kai. "Ke? Wa zai ƙone ki a garin nan? Kakarki na kwance a maƙabartar nan, mijinki mahauci ne, 'yan'uwanki sun cika kasuwa. Da kin ce kuskure ne, da an yi hayaniya an zauna an yi magana. Shi ne ba shi da kowa."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Jandarmomi sun zo bayan an gama komai, kamar kullum, suka yi rubuce-rubucensu. Hamidu ya iso da azahar, shi da dattawan unguwarmu suka zauna da masunta aka sasanta. Ba a yi sun gurbin ba a shekarar, kwana biyu ana kwashe matattun kifi ana binnewa a rairayi. Ni na ɗauki Jérémie a mota zuwa asibiti, tun daga gaɓa har can fuskarsa na jikin taga. An ɗaure hannun, ya warke, amma yatsu uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Jefa tarun birgi da yatsu biyu ba ya yiwuwa, kuma ba ya iya riƙe filafili. Na je bukkarsu sau huɗu. Sau uku Carine ta ce yana barci. Na huɗu ta fito da 'yar wuƙar da take kankare mini kifi da ita, ta wanke ta tas, ta miƙo mini, ta koma ciki ta saki labule. Kafin ruwan farko sun koma Yaguwa. Na aika saƙo ta hannun direbobi ya fi a ƙirga, ba amsa, kuma ban ga laifinsu ba.

Ruwan farko ya sauka ƙarshen watan Mayu, da rana tsaka, mai ƙarfi. Ina zaune a ƙarƙashin rumfa sai ga Eugène ya shigo a jiƙe, ya zo ganin yadda aikinsa zai yi. Ya tsaya yana kallon ruwa na taruwa ƙwaya-ƙwaya a kan katakon yana gangarewa, bai shiga ko kaɗan ba.

"Madam, na sara miki," ya ce yana dariya. "Kakarki ta fi Duwala. Ki ba ni sirrin nan mana."

Ya bi falankan yana shafawa da tafin hannu har ya kai bakin matakala, ya tsaya.

"Waɗannan ukun ba su sha mai ba. Ga shi suna shan ruwa. Kuma jansu ya fi na sauran duhu a nan tsakiya, kin zuba makuba da yawa ne?"

Duk inda man kaɗe ya taɓa, jinin nan da bokiti ɗaya ya wanku ranar. Falanki ukun da ban ƙarasa ba su suka shanye nasu. Na goga da samfefa, na goga da toka, na goga da ruwan zafi, ya riga ya shige ciki. Launinsa da na makuba kusan ɗaya ne, shi ya sa baƙi ke takawa su wuce, wasu ma har su ce nan ya fi kyau.

"In kawo sababbi gobe in canja miki?" Eugène ya ce. "Aikin awa ɗaya ne."

"Bar su."

"Za su ruɓe fa, Madam."

"Na ce ka bar su."

Suna nan har yau. A bakin matakala suke, ba yadda za a yi in hau wurin sana'ata ban bi ta kansu ba. Kullum da safe nakan tattare zane in buɗe ƙafa in tsallake, falanki uku ba ƙaramin tsallake ba ne ga mace mai shekaruna. Masu wanki suna mini dariya, sun ɗauka wani camfi ne.